Shekarar da Lemon 'Yan Wasa Ya Kusa Raba Mu da Golanmu

Ku yara, kun daɗe kuna ba da labarin nan a karkace, ni kuwa ina jinku ina yin shiru don kada a ce uba yana musu da 'ya'yansa a kan lemo. Ke Ummi kin faɗa wa mijinki wai akwai shekarar da Baba ya zauna a kan kular sanyaya lemo kamar kaza a kan ƙwai, ya hana dattawan unguwa abin sha don tsabar rowa. Kai kuma Khalifa ka ƙara gishiri, ka ce har kwaɗo na sa wa kular na rataya makullin a wuya. To ku sani, ƙara gishiri a gidan nan sana'ata ce, kuma ban yarda wani ya gaje ni ina raye ba. Zama a kan kula na zauna, ban musa ba. Dalilin zaman ne ba ku sani ba, domin a lokacin an roƙe ni in rufe bakina, kuma duk wanda ya san ni ya san rufe baki ya fi mini azumin bazara wuya. Yanzu mai maganar ya ce in faɗa, don haka ku gyara zama.

A lokacin muna zaune a gidajen ma'aikata na Eriya 2 a Garki, kuma muna da ƙungiyar ƙwallo ta dattawa. Sunan da muka raɗa wa kanmu mai kyau ne ƙwarai, har da Turanci a ciki, amma ban taɓa jin wani ya kira mu da shi ba. Duk Garki 'Yan Tumbi ake ce mana. Muna haɗuwa a filin wata firamare da safiyar Asabar, da kuma yammacin Talata da Alhamis bayan an tashi daga ofis. A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan kasuwa, akwai fasto, akwai na'ibin liman, kuma abin da ya haɗa mu shi ne kowa likita ya taɓa kallon cikinsa ya girgiza kai. In muka jeru muka fara gudun ɗumama jiki, ƙasa takan girgiza har mutanen Nyanya su fito waje suna salati. Ni ne ciyaman, ni ne kuma ɗan wasan gaba, ko da yake tumbina yakan yi satar gida tun ƙafafuna suna tsakiyar fili.

Mutum biyu nake so ku riƙe. Na farko Bitrus, baban su Joy, wanda kuke kira Ankul Gola. Mutumin Filato ne, ofishinsa yana kallon nawa, kuma a wajen aiki za ka yi wata ba ka ji muryarsa ba. Amma da zarar ya sa safar hannu ya tsaya a bakin raga sai ya koma wani mutum daban, yana daka wa daraktoci tsawa suna cewa to. Tun yana saurayi yake tsare wa garinsu gida, kuma hannun bai manta ba. Na biyu Malam Sani, mai shagon yadi a kasuwar Garki, Bazazzagi, siriri kamar tsinken tsire. Shi kaɗai ne ba shi da tumbi a cikinmu. Mun karɓe shi ne bisa alkawarin zai yi nan gaba, har yau bai cika ba. Shi ke yi mana gudun mutum goma, mu kuma muna nuna masa inda zai bi. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kun san sauran. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da wani ya ce wa wani bawansa ba.

Lemon kuwa ni na kawo shi, kuma da kyakkyawar niyya. Na ga manyan 'yan ƙwallon Turai a talabijin suna tsotsar wani abu mai launi daga gora, su tashi su ci gaba da gudu kamar an canja musu batir. Na ce ashe sirrin ke nan, mu muna nan muna fama da ruwan leda. Na je wani babban kanti a Wuse na ɗauko kwali guda. A jikin kwalbar an rubuta cewa yana mayar wa jiki ruwa da gishirin da gumi ya kwashe. Launinsa shuɗi ne shar, don haka tun ranar farko muka sa masa suna Shuni. Kowa ya sha ya ce ya ji ƙarfi. Fasto ya ce gwiwarsa ta daina ƙara. Na'ibi ya ce ya ji kamar ya koma shekara ashirin, ko da yake sai da aka kama shi aka tashe shi daga inda yake zaune.

Daga nan aka haifi Dokar Gola, kuma da wasa aka haife ta. Wata Asabar na samu kaina daga ni sai Bitrus, na ɗaga ƙafa na buga, ƙwallo ta tashi ta haye katangar makaranta, ina jin a Eriya 3 ta sauka. Da aka tashi ana rabon Shuni sai Bitrus ya miƙo hannu.

"Ciyaman, wannan kwalba ba ka cancance ta ba. Kawo ta nan."

Ni kuma don in ba mutane dariya sai na durƙusa a kan gwiwa ɗaya, na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, na gaza." Ya buɗe ya kwankwaɗe a gabana. Fili ya kaure da shewa. Shi ke nan ta zama doka: duk wanda ya yi ido biyu da Bitrus ya ɓarar, zai durƙusa ya miƙa kwalbarsa, shi kuma gola dole ya buɗe ya sha a take, domin ƙin sha wulaƙanci ne ga wanda ya durƙusa. Mu kuwa wajen ɓarar da ƙwallo babu na biyunmu a Afirka ta Yamma. Sai ga Bitrus da layi a gabansa kamar mai rabon zakka. Ya sha wannan, ya kurɓi wancan, ragowar ya zuba a but ɗin mota, ya kai firijin ofis, ya riƙa korawa da abincin rana. Alhali gumin da yake yi a wasa ba zai jiƙa kan sarki ba, tunda tsayuwa yake yi yana jiranmu mu iso, mu kuma ba ma saurin isowa. Malam Sani kuwa, da yake shi ya fi kowa kaiwa bakin raga, shi ya fi kowa ɓararwa. Mutumin da ya zubar da gumin bokiti shi ne kullum yake komawa gida da ruwan leda. Babu wanda ya ga wani abu a cikin wannan. Dariya muke yi.

A gida uwarku ce ta fara magana. Na dawo wata Asabar ina ba ta labarin ƙwallon da na kusa ci, sai ta tsare ni da ido.

"Baban Ummi, buɗe bakinka in gani."

Na buɗe.

"Karofi ka faɗa? Wannan harshe ai sai marinan Kano. Kuma ni ban gane ba, mutum yana fita motsa jiki, tela yana ƙara wa wandonsa ƙyalle."

Na ce mata tsoka ce take taruwa. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tsokar da ke rawa in mai ita ya yi dariya ba.

Wata Lahadi da rana aka buga ƙofa. Maman Joy ce, matar Bitrus, daga coci take ko ɗaurin kanta ba ta kwance ba. Nas ce, ta daɗe tana aiki a wani asibiti a cikin gari, shi ya sa kowa Sista yake ce mata. Mace ce mai fara'a, amma ranar ta bar fara'ar a mota. Suka gaisa da uwarku, ta zauna, ta buɗe jaka, ta fito da safar hannun Bitrus ta ajiye a kan tebur.

"Alhaji, ga kayanku. Ku nemi wani gola."

Na ce, "Subhanallahi, Sista, me ya yi zafi?"

"Suga ɗinsa ya hau. Dare duka yana tashi fitsari, yana shan ruwa kamar raƙumi. Na gwada shi, na kai shi wajen dokta, an tabbatar. Na buɗe but ɗin mota, na ga kwalabe kamar wanda ya buɗe shago."

Na fara rantse-rantse cewa abin nan magani ne, an rubuta a jiki. Ta ɗaga mini hannu.

"Ban ce ku kuka sa masa ciwo ba. Babansa ma da shi ya rasu. Amma mutum yana tsaye a bakin rijiya, ku kuna tura shi da kwalba. Ka san mene ne a cikin abin nan? Ruwa ne da gishiri da suga. An yi shi don wanda ya daɗe yana gudu a rana, ya zubar da gumi sosai. Shi wannan naka, gudu nawa yake yi?"

Na ce, "Sista, ai gola da ido yake aiki."

"To ido yana gumi ne?"

Uwarku ta tashi ta shiga kicin, ina jin dariyarta tana karo da tukwane. Na gyara murya na ce ai mai ciwon suga ma an ce ya motsa jiki. Ta ce ta fi ni sani, kuma zai motsa, za su riƙa zagaya unguwa tare da safe, inda babu mai durƙusa masa da kwalba. Ta ce ta gaya masa ya je ya yi wasansa ya ƙi sha, ya ce ba zai iya ba, doka ce, ba zai kunyata dattijon da ya sa gwiwa a ƙasa ba. Tunda haka ne, in ji ta, filin ne gaba ɗaya ba zai sake takawa ba.

Washegari Bitrus ya shigo ofishina ya rufe ƙofa. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ba ya son a riƙa kallonsa kamar gilashi, ana tambayarsa ya jiki duk inda ya juya. Na yi masa alkawari. Muka ce wa jama'a gwiwa ce ta motsa.

Makonnin da suka biyo baya ban so su ba. Muka sa Fasto a raga, ƙwallo tana wuce shi yana sa mata albarka. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani wata Talata. Na hango motar Bitrus a bayan katanga, ƙarƙashin wata bishiya, gilashi a ɗage. Na zagaya ta baya na leƙa. Yana zaune da kayan ofis, idonsa a kan fili, duk sa'ad da aka buga ƙwallo sai kafaɗarsa ta zabura, hagu ko dama, kuma wallahi ko sau ɗaya bai yi kuskuren ɓangare ba. Na ƙwanƙwasa, ya sauke gilashi. Ya ce ya gaya wa madam ya tafi shan mai.

"Ciyaman, ka gaya wa Fasto ya daina fita da wuri. Ya tsaya a layinsa."

Na ce to. Ya kau da kai.

"Shekara da shekaru ina ce wa mutane yes sa a ofis. Wurin nan ne kawai nake cewa a'a."

Na koma fili na gaya wa Fasto ya tsaya a layinsa.

Uwarku ce ta ɗinke ɓarakar. Ta soya waina, ta ce in saka babbar riga in kuma yi shiru, muka tafi gidan su Joy. Suka shige ɗaki su biyu suka bar mu a falo da Bitrus muna kallon labarai ba ma ji. Da suka fito, Sista ta ce ta ji. Akwai wasan sada zumunta da muke yi duk shekara da dattawan Abaji, kuma ya matso. Ta ce za ta ba shi safarsa ya tsare wannan wasa, za ta kuma bi mu ta gani da idonta. In Shuni ya taɓa leɓensa, ko ɗigo ne, an gama har abada. In kuwa ta ga zai iya tsayawa a cikinmu bai sha ba, sai a yi magana.

A ranar Asabar na tara ƙungiya na ce golanmu zai dawo, kuma daga yau an soke Dokar Gola. Kai, da na ce an soke albashi da abin ya fi sauƙi. Na'ibi ya ce bidi'a ce mai kyau, bai ga dalilin taɓa ta ba. Fasto ya ce al'umma ba ta tsayuwa sai da al'ada. Malam Sani, wanda dokar ta fi kowa cuta, shi ya fi kowa tada jijiyar wuya.

"Jama'a, na gaya muku kada ku ba Bakano mulki! Ya ga kwali yana saurin ƙarewa, cikinsa ya ɗuri ruwa. Ka faɗa mana dalili in kana da shi."

Dalili yana bakina kamar garwashi, amma na haɗiye. Na ce dalilina shi ne na ga dama. Aka ce a yi zaɓe. Hannuwa suka tashi kamar gonar dawa, har wani da ya zo wucewa da keke ya tsaya ya ɗaga nasa. Aka tuɓe ni, aka naɗa Malam Sani. Sai na ce to, kujera taku ce, amma kular nan ta uwargidana ce, ni na ɗauko ta daga kicin, kuma duk wanda ke son ya durƙusa wa gola da kwalba sai ya fara ɗaga ni daga kanta. Suka dube ni, suka dubi kular, suka ga aikin sai da katafila. Daga ranar sunana ya koma Alhaji Rowa, har ya biyo ni gida, har kuka ɗauka kuna yi.

Ana gobe tafiya na cika kula da ruwan leda zalla. Sai ga wayar Sista.

"Alhaji, ka sa Shuni a kula?"

Na ce, "Allah ya kiyaye. Ni da guba?"

"Wa ya ce maka guba ne? Abaji za ku, a bazara, ku yi cikakken wasa a rana. Ka zuba. Akwai waɗanda za su buƙace shi. Ba mijina ba ne kawai."

Na ajiye waya ina mamakin mata. Jiya ta kore shi, yau ta aika masa goron gayyata. Amma na zuba.

Kun san zafin Abaji? Ba ku sani ba. Rana a can ba ta tsayawa a sama, saukowa take yi ta zauna kusa da kai ta tambaye ka mutanen gida. Na ga ƙadangare yana tafiya yana ɗaga ƙafa yana hura mata iska. An shirya wasa da sassafe, amma mai masaukinmu, ciyaman ɗinsu Baba Yakubu, tsohon hedimasta ne, kuma tsohon hedimasta in ya riƙe lasifika sai dai a yi haƙuri. Kafin a gama jawabi da gabatar da manyan baƙi, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin takalminsa. Su kuma dattawan nasu, da suka tuɓe riguna, sai muka ga manoman doya ne, cikin kowa a shafe kamar faranti. Na yi rabin lokaci ina yawo a gabansu don su san da ni, sannan na fito na hau kulata. Sista tana gefe a kujerar roba, da lema da jaka a cinya.

Bitrus kuwa ranar ya tsare gida kamar an ce za a ƙwace masa shi, kuma da ma haka aka ce. Ta sama ya kama, ta ƙasa ya kama, wata ma ina jin tun ba a buga ba ya kama ta. Malam Sani shi kaɗai yake kai da kawowa daga wannan raga zuwa waccan, tunda sauran namu sun koma 'yan kallo masu riga iri ɗaya. Dab da tashi aka ba su fenareti. Baba Yakubu da kansa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya buga. Bitrus ya tashi sama, duk girman nan nasa, ya doke ta da hannu ɗaya. Aka tashi babu ci. Na yi ihu har hulata ta faɗi, amma ban ɗaga daga kula ba. Na ce a raina an gama, mun tsira.

Sai na ji lasifika ta yi kuka. Baba Yakubu ne.

"Jama'ar Abaji, baƙinmu suna da wata kyakkyawar al'ada da sabon ciyaman ɗinsu ya ba ni labari a waya. A wajensu, duk wanda gola ya hana ci, yakan durƙusa ya ba shi abin sha. Mu ba za a fi mu karamci a gidanmu ba."

Ya yi nuni da hannu, sai ga mutum biyu sun fito daga bayan rumfa suna cicciɓe da wata kula da ta yi biyun tawa. Ni ina nan ina gadin ƙofar gaba, ashe an shigo ta taga. 'Yan wasan Abaji suka jeru, kowa da Shuni a hannu. A gaban layi Baba Yakubu ne, da farin gemunsa, ya sa gwiwa a ƙasa a gaban mutanen garinsa, ya ɗaga kwalba da hannu biyu. Har kalmomin an koya masa.

"Ranka ya daɗe, na gaza."

Namu suka haukace da murna, suna tafi suna cewa, "Sha! Sha! Sha!" Na dubi Sista. Ba ta motsa ba, lemar kawai ta ɗan ɗaga don ta gani da kyau. Na zabura na tashi da gudu. Masu gani sun ce ba a taɓa irin gudun nan a Abaji ba, ƙura ta kai sati ba ta kwanta ba, amma duk da haka ina tsakiyar fili Bitrus ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ya murɗa murfin, na ji ƙarar ɓallewarsa daga inda nake. Ya tsaya da kwalba a buɗe, yana kallonta. Ya ɗaga Baba Yakubu tsaye da ɗaya hannun, ya ce a ba shi lasifika.

"Baba, na karɓa, na gode, Allah ya ƙara girma. Amma ba zan sha ba. Ina da ciwon suga."

Tafin ya mutu. Na ga Na'ibi ya saki baki.

"Kuma ni yau tsayuwa na yi a wuri ɗaya. Wanda ya yi aikin, ga shi can."

Duk muka juya. Cikin hayaniyar nan babu wanda ya lura Malam Sani ba ya cikinmu. Yana can gindin mangwaro a zaune, ya miƙe ƙafafu, kansa a sunkuye. Baƙar rigarsa ta yi fari-fari da gishirin gumi kamar an zana taswira. Ya ce ƙasa tana juya masa, ƙafafunsa sun ɗaure, ruwan ledar da ya sha kamar a rairayi ya zuba. Bitrus ya taka har gabansa, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya miƙa masa kwalbar da hannu biyu. Kafin Malam Sani ya kafa kai, Sista ta iso, ta ba ni lema ta ce in riƙe. Ta sa aka cire masa riga da takalmi, aka jiƙa masa kai da wuya, wani yana yi masa fifita da kwali. Ta ce kurɓi kaɗan-kaɗan, kada ya kwankwaɗa. Ta tsaya a kansa tana yi masa tambayoyi, ta ce in ya fara shirme ko amai asibiti za mu nufa. Sannu a hankali idonsa ya dawo daidai. Abin da ya fara cewa shi ne a matsar da Bakanon nan yana tare masa iska, sai Sista ta ce ya warke.

Baba Yakubu bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya rungume Bitrus, ya ce shi ma yayarsa tana fama da ciwon, ya kuma miƙa wa Sista kularsa ya ce ta raba yadda ta ga ya dace. Ta tsaya tsakanin kula biyu kamar alƙali. Wanda ya yi wasan nan daga farko har ƙarshe, rigarsa tana ɗiga, ta ba shi Shuni ta haɗa masa da ruwa. Wanda ya ɗan taɓa ya fito, ko ya wuni a benci yana ba da umarni, ta ba shi ruwa, ta ce sakwarar da za a ci anjima ta ishe shi gishiri. Mijinta ta miƙa masa ruwan leda biyu ba ta ko kalle shi ba. Ni ma na matso na nuna mata gaban rigata, na ce ta dubi gudun da na yi yanzun nan.

"Alhaji, ruwa."

Kai Khalifa, wannan da kai nake. Na ga kwalaben da kake dawowa da su daga gidan motsa jikin nan mai na'urar sanyi, inda kake ɗaga ƙarfe kaɗan ka ɗauki hoto da yawa. Abin nan yana da ranarsa, na gani da idona a gindin mangwaro. Amma ranarsa sai an sha rana an daɗe ana zubar da gumi. In ba haka ba ruwa ya ishe ka, ka dawo gida ka ci tuwon uwarka.

Da aka gama cin abinci Malam Sani ya jawo ni gefe, yana ɗingishi.

"Ashe abin da ya sa ke nan, Bakano? Ka bari muka yi ta zaginka?"

Na ce, "To yanzu ka sani. Mayar mini da kujerata."

Ya ce, "Wannan kuma sai an yi zaɓe." Har yau da nake ba ku labarin nan ba a sa ranar zaɓen ba. Bazazzagi in ya hau kujera sai dai a sayi wata.

A hanyar dawowa bas ta yi tsit. Kowa yanzu ya san hukuncin Sista ake jira, kuma babu mai ƙarfin halin tambaya. Sista tana kujerar gaba kusa da taga, ta jingina kai ta rufe ido. Bitrus yana gefenta, ƙato guda ya naɗe kamar ɗan makarantar da aka kai wa hedimasta. Muka wuce Kwali shiru. Muka shiga Gwagwalada, muka faɗa gosulo, masu gwanda da masu ruwa suna buga mana gilashi, har yanzu shiru. Ina bayansu, ina ganin wuyansa yana motsi, yana haɗa magana yana warwarewa. Sai da muka hango fitilun hanyar filin jirgi sannan ya yi gyaran murya.

"Mama... ranar Talata fa?"

Ba ta buɗe ido ba. Ta daɗe har na ɗauka barci take yi da gaske.

"In kun tashi, ka biya kasuwar Garki ka sayo mini acca. Kada ka shigo mini gida da takalmin ƙwallo."

Direba sai da ya gangara gefen titi ya tsaya, domin dattawa sun miƙe tsaye a cikin bas suna tsalle, Fasto yana haleluya, Na'ibi yana kabbara, motar tana lilo kamar kwalekwale. Bitrus dai yana zaune a kujerarsa. Ya juya fuskarsa wajen hanya, yana ta goge ido da bayan hannu, wai ƙurar Abaji ce.